Zuwa ga Edita: Kuskuren da muka ɓoye a ɗakin tiyata yana nan yana jiran majinyaci na gaba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina roƙon a ba ni ɗan fili in fitar da wata magana da ta daɗe tana cin raina. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma kusan duk shekarun aikina a ɗakin tiyata na yi su, ɓangaren masu sa barci. Mu ne muke tsayawa ta wajen kan majinyaci bayan ƙyallen nan da ake tarewa, likita yana can yana aikinsa da wuƙa, mu kuma idonmu na kan numfashi da bugun zuciya da hawan jini tun daga sanda mutum ya rufe ido har ya buɗe ya fara kiran sunan wani nasa. Yawancin mutane ba su ma san da mu ba, kuma wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne shirun da mu ma'aikata muke yi in an yi kuskure ko an kusa yi, da kuma yadda shugabannin asibiti da jama'a, har da ku 'yan jarida, kuke ƙara ɗaure mana baki ba tare da kun sani ba.

Bari in fara da kaina don kar a ce na taka nawa ina hango na wani.

Wani dare ina kan aiki, wajen ƙarfe biyu da wani abu, aka turo mana wata mata da haihuwa ta zo mata da gardama, jaririn ya fara galabaita, likita ya ce a shiga da ita yanzu yanzu. Irin wannan aikin yawanci ba ma sa mace barci gaba ɗaya, allurar baya muke yi wadda ke kashe jiki daga ƙasan ƙirji har ƙafa, tana ido biyu za a ciro mata ɗanta ta ji kukansa da kunnenta. Na buɗe durowar magani na ɗauko kwalbar na ajiye a kan tire, na je na wanke hannu na sa safar hannu. Matar na zaune a bakin gadon ta sunkuya ta rungume filo tana ta salati, naƙuda na zuwa tana lafawa. Wata ɗaliba da ta zo koyon aiki ita ta fasa mini bakin kwalbar ta riƙe na zuƙe maganin a sirinji. Na goge bayan, na lalubo gurbi tsakanin ƙasusuwa, na sa allura, ruwan nan ya fara ɗigowa fari tas alamar na shiga inda ake so, na miƙa hannu na ɗauko sirinjin, saura in ɗaura in tura kawai. Sai na ji yarinyar nan ta ce, a hankali kamar mai tsoron a ji ta, "Yallaɓai ka yi haƙuri, wannan kwalbar kamar ba ita aka nuna mana ba." Wallahi abin da na fara ji haushi ne, don ana sauri likita na tsaye yana jira, amma Allah ya sa na ce ta juyo mini rubutun in gani. Ba Marcain ba ce, wato maganin kashe jikin da muke sawa a allurar baya. Tiranezamik ce, maganin tsayar da zubar jini.

Malam Edita, wanda ba ya wannan aikin ba zai gane abin da ya sa gumi ya keto mini a ɗakin da ake jin sanyi ba. Tiranezamik magani ne mai kyau ƙwarai in an ba da shi ta jijiya, tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa da wuri, cikin awa uku, shi ya sa ma aka matso da shi kusa da hannu a ɗakunan tiyatar haihuwa. Amma in ya shiga ruwan ƙashin baya guba ne, jiki ba zai mutu ba balle a yi aiki, mace za ta fara kukan ciwon baya da ƙugu, sai fizge fizge, sai jijjiga da ba ta jin magani, sai zuciya ta rikice, da yawa daga nan ba sa tashi. Kwalaben biyu kuma duk na gilas ne ƙanana, girmansu kusan ɗaya, ruwan ciki duk fari, rubutun jiki ƙanana sai ka matso da ido, kuma a durowa ɗaya muke ajiye su gefe da gefe. Na zubar da sirinjin, aka kawo na gaskiya, muka karanta tare da ƙarfi ni da ita, na yi allurar, aka ciro yaro yana kuka, uwa lafiya ɗa lafiya.

To daga nan ne laifina na gaske ya fara. Ban gaya wa kowa ba. Akwai fom da ake cikewa in irin haka ta faru, na san inda yake, ban taɓa shi ba. Ɗalibar na ce mata na gode a taƙaice na kau da kai, ita ma ta gane ba a so a sake ta da maganar. Na ce a raina ai ba abin da ya faru, matar tana can tana shayar da ɗanta, me zan je in tona wa kaina asiri bayan duk shekarun nan ana ganina da ƙima. Na yi wa kaina alkawarin zan riƙa karanta kwalba sau biyu, kuma na riƙa yi. Amma durowar fa tana nan yadda take, kwalaben na nan gefe da gefe, ni kaɗai na san ramin, na koyi kauce masa na bar shi a buɗe a kan hanyar abokan aikina.

Bayan kamar wata huɗu muna ɗakin canja kaya wani abokin aikina, mutum mai natsuwa wanda ko ni in za a yi wa nawa aiki shi zan zaɓa, ya ja ni gefe ya ce yana son ya gaya mini wani abu amma ya tsaya tsakaninmu. Kafin ya kai ƙarshe na san ƙarshen. Durowa ɗaya, kwalba ɗaya, shi ma da daddare, shi har ya ɗaura sirinjin sai idonsa ya kai kan fasasshiyar kwalbar a tire. Na tsaya ina kallonsa na rasa bakin magana, don da matar da ke gabansa ta mutu a daren nan da hannuna a ciki dumu dumu, ko da ba wanda zai taɓa sani. Ranar muka zauna muka cike fom mu biyu, kowa ya rubuta nasa. Gyaran kuma bai ɗauki yini ɗaya ba: aka fitar da tiranezamik daga durowar masu sa barci aka mai da ita wani kabad daban, aka manna mata jan tef, aka sa doka duk maganin da zai shiga baya sai mutum biyu sun karanta sunansa da ƙarfi kafin a fasa kwalba. Aikin yini ɗaya ya zauna wata huɗu saboda kunyata.

Daga baya na ga ashe ba mu kaɗai ba ne, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan wannan musayar kwalaben takamaimai, kafin nan a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da nata. Ta yaya suka sani? Wasu ma'aikata a ƙasashe daban daban, waɗanda nasu bai zo da sauƙi irin nawa ba, sun daure sun rubuta abin da ya faru a hannunsu, aka tara aka ga ashe hanya ɗaya kowa ke bi ya faɗa.

Wannan aikin namu dama haka ya ginu tun farko. An fara nuna sa barci a bainar jama'a ran 16 ga Oktoba 1846 a Boston, ba a cika shekara biyu ba, a Janairun 1848, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Hannah Greener ta rasu a kusa da Newcastle ta Ingila bayan an shaƙa mata kulorofom don a cire mata farcen ƙafa, farce kawai. Wani likita a Landan, John Snow, ya bi irin waɗannan mace macen ɗaya bayan ɗaya har ya tara guda 50 yana duba yadda kowanne ya faru, yana neman abin da ya haɗa su, ya dage a kan cewa a riƙa auna yawan abin da ake shaƙa wa mutum a daina zuba shi a ƙyalle da ka. Da waɗanda abin ya faru a hannunsu sun binne labarin tare da gawar da bai sami abin tarawa ba.

Masu jirgin sama su ma sai da suka sha wuya suka koya. Ran 1 ga Disamba 1974 jirgin kamfanin TWA mai lamba 514 ya daki dutse yana shirin sauka kusa da Washington, mutum 92 da ke ciki ba wanda ya fita. Da aka yi bincike sai aka gano makonni shida kafin nan wani jirgin na kamfanin United ya kusa dukan wannan dutsen, saboda irin rashin fahimtar da aka samu tsakanin matuƙa da masu ba da umarni daga ƙasa a kan tsayin da aka yarda a sauko. Matuƙan United sun kai rahoto a cikin kamfaninsu, an gargaɗi 'yan uwansu, amma babu hanyar da labarin zai tsallaka zuwa wani kamfanin. Duk sanda na karanta wannan durowata nake tunawa. A 1976 aka kafa tsarin kai rahoto na sirri ga duk masu harkar jirgi a Amurka, kuma da gangan aka damƙa shi a hannun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, don ita ba ta da ikon hukunta matuƙi ko ƙwace masa lasisi, saboda haka mutum zai saki jiki ya faɗi gaskiya. Wannan wurin nake so shugabannin asibitoci su tsaya su duba da kyau, wanda ke karɓar rahoto daban, wanda ke riƙe da bulala daban.

A ɓangarenmu wani injiniya ne mai suna Jeffrey Cooper ya ɗauko wannan dabarar, shi da abokan aikinsa a Boston suka zauna da masu sa barci ɗaya ɗaya suna tambayarsu kurakuran da suka taɓa yi ko suka gani, ba sunan kowa. A 1978 suka fitar da sakamakon abubuwa 359 da za a iya kauce musu, kashi 82 cikin ɗari akwai kuskuren ɗan Adam a ciki. Mai karatu zai ce to ai ga shi nan, sakacin ma'aikata ne. Amma da aka duba sai aka ga kurakuran iri ɗaya ne suke ta maimaituwa a hannun mutane daban daban, bututun numfashi ya zare ba a lura ba, an murɗa makunnin iska ba wanda ake nufi ba, an ɗauki wannan sirinji a maimakon wancan. In mutum goma masu hankali suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya ai sai a duba ƙasan wurin. A Ostireliya ma daga 1988 suka fara tara rahotanni marasa suna daga masu sa barci, a 1993 suka fitar da nazarin guda 2000 na farko, wanda ya ƙara nuna muhimmancin na'urori biyu, oksimita da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini, da kafnogiraf mai nuna iskar da mutum ke fitarwa, wadda ita ce ke gaya maka bututu huhu ya shiga ko maƙoshin abinci.

Duk wanda ya shiga tiyata yau ya fito lafiya ya ci moriyar irin waɗannan rahotannin ko bai sani ba. Kan silindar oksijin an yi masa ƙusoshi yadda ba zai zauna a mazaunin wata iskar ba. Injin sa barci na zamani ba ya yarda ka buɗe iskar barci ita kaɗai babu oksijin. Takardun da muke mannawa a sirinji kowane rukuni da launinsa, shuɗi na masu kashe zafi masu ƙarfi, rawaya na masu sa barci, ja na masu shanye tsoka. Kowanne daga cikin waɗannan in ka bi asalinsa za ka tarar da wani da aka rasa ko aka kusa rasawa, da wani da ya buɗe baki ya faɗa.

To me ya sa har yanzu muke shiru? Tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. A wani wuri da na yi aiki wata ƙaramar ma'aikaciya ta lura ma'aunin silindar oksijin na nuna akwai iska alhali ta kusa ƙarewa, ana tsakar aiki jakar numfashi ta lafe a hannunta, da ƙyar aka canja wata, majinyaci bai samu komai ba. Yarinyar nan ta yi abin da aka koya mata, ta rubuta rahoto da sunanta. Abin da ya dawo mata takardar tuhuma ce, ta yi bayani cikin awa 24 me ya sa ba ta duba silinda ba kafin a fara, alhali ta duba, ma'aunin ne ya lalace, kuma shi ta rubuta. Aka kira ta gaban manya aka wanke ta tas a gaban ɗalibai, ta fito tana kuka, ma'aunin kuma ya ƙara makonni a jikin injin kafin a canja shi. Bayan wannan akwatin rahoton ya bushe ƙaf. Kuma na ji da kunnena ana faɗa a taro cewa sashenmu bai samu matsala ko ɗaya ba a wannan zangon, ana murna. Raina ya ɓaci ranar sosai, don na san abubuwa nawa suka faru a zangon, kowa a ɗakin ya sani. Asibitin da ake yi wa ɗaruruwan mutane aiki a ce babu rahoto ko guda, ni wannan abin tsoro ne a wurina, ba zan so a kwantar da nawa a can ba.

Ko a ƙasashen da suka yi nisa tsoron bai gushe ba. A Disambar 2017 a jihar Tennessee ta Amurka wata nas mai suna RaDonda Vaught ta je ɗauko maganin kwantar da hankali mai suna Versed, ta ɗauko bekuroniyom mai shanye tsoka har da ta numfashi, ta yi wa wata dattijuwa 'yar shekara 75, matar ta rasu. Ita da bakinta ta faɗi abin da ta yi tun a ranar. A Maris 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, a watan Mayu aka yanke mata shekara uku ta zaman sa ido a waje, lasisinta kuma dama an riga an karɓe. Ni ban ce ba ta da laifi ba, ta tsallake gargaɗi fiye da ɗaya, kuma ran mutum ya tafi, iyalan matar suna da haƙƙi. Amma abin da dubban ma'aikatan jinya suka ɗauka daga shari'ar shi ne in ka faɗa da bakinka za a kama ka da shi, kuma wannan darasin majinyata ne za su biya kuɗinsa.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ba cewa nake a daina hukunci ba. Wanda ya zo aiki a buge, ko ya bar majinyaci a cikin barci ya fita harkar gabansa, ko ya canja abin da ke rubuce a fayil don ya rufe ɓarna, wannan ganganci ne a hukunta shi, ni zan fara ba da shaida. Amma wanda ya kwana biyu bai runtsa ba, hannunsa ya ɗauko kwalbar da ta yi kama da 'yar uwarta, in ka kore shi ka kawo wani ka bar durowar, ka dai canja sunan wanda zai yi kuskuren ne nan gaba.

Akwai kuma maganar girma, wadda ita ta fi yi mini ciwo saboda na san saura ƙiris in daka wa ɗalibar nan tsawa. A Maris 2005 a Ingila wata mata mai suna Elaine Bromiley, shekararta 37, 'ya'yanta biyu, lafiyarta ƙalau, ta shiga a yi mata ƙaramin aiki a hanci. Bayan an sa ta barci sai aka kasa sa mata bututun numfashi, aka kuma kasa tura mata iska yadda ya kamata. Ƙwararrun likitoci uku suka duƙufa suna ta gwada abu ɗaya, minti na ta wucewa oksijin ɗinta na ƙasa, hankalinsu ya tafi kan bututun sun manta da agogo. Nas ɗin da ke wurin sun gane abin da ake ciki, wata ta kawo kayan huda maƙogwaro ta ce ga su, wata ta je ta nemo gado a sashen kulawa ta musamman, ba wanda ya saurare su. Matar ta rasu bayan kwana 13 ba ta farfaɗo ba. Mijinta Martin matuƙin jirgin sama ne, sai ya nemi a yi bincike irin nasu na jirgi, aka yi, ya yarda a baza sakamakon ga duniya ba tare da sunayen ma'aikatan ba don a koya. Yau ana ba masu koyon sa barci labarinta a wurare da dama. Takardar dubawa kafin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 har da wurin da kowa a ɗakin zai faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa, wasu suna ganin ɓata lokaci ne, amma wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya a ɗaki ya fi samun ƙarfin sake buɗewa in ya ga abu. A asibitoci takwas da aka gwada takardar mace mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.

Jama'a ma ina da magana da ku. Na sha ganin an rasa mutum a tiyata dangi su ce kwana ne ya ƙare, su ɗauki gawa su tafi, ba tambaya. Na yi imani da ƙaddara kamar kowa, kuma haƙurin nan abin yabo ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Tambayar me ya faru ba jayayya da hukuncin Allah ba ce, haƙƙinku ne a zaunar da ku a yi muku bayani da harshen da za ku gane, in kuskure ne a ce kuskure ne a ba ku haƙuri a gaya muku abin da aka gyara. Haka wanda aka yi wa aiki ya tashi, in ka ji wani abu faɗa mana. Akwai waɗanda suke farkawa ana tsakar aiki suna ji amma ba sa iya motsi saboda maganin shanye tsoka, wani babban bincike da aka yi a Birtaniya da Ailan a 2014 ya samu rahoton haka kimanin sau 1 cikin 19,000, a matan da aka sa barci gaba ɗaya don ciro jariri kuwa kusan 1 cikin 670. Daga bakin majinyata aka san wannan, kuma da yawa sukan yi shiru don kar a ce mafarki suka yi. In an taɓa gaya maka an sha wuya wajen sa maka bututu, ko wani a danginku ya taɓa rasuwa ko zazzaɓi mai tsanani ya rufe shi a cikin barcin tiyata, dan Allah faɗa kafin a fara ko ba a tambaye ka ba.

Su kuma masu riƙe da asibitoci abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Fom ɗin ya zama gajere wanda mutum zai cike a minti biyar bayan ya kwana a tsaye, don wani fom ɗin shafi huɗu ne, gajiya kaɗai ta isa ta hana ka. Wanda ba ya son sa suna a bar shi. Kar rahoton ya bi ta teburin mai rubuta takardar tuhuma. Sannan abin da ya fi komai, a dawo mana da amsa, ko a allo ne a manna cewa an kawo kaza an gyara kaza, don ba abin da ke kashe gwiwa kamar ka rubuta abu sau uku ka ji shiru kamar an jefa dutse a rijiya. A riƙa zama ko sau ɗaya a wata, kuma babba ya fara faɗin nasa kuskuren kafin a juyo kan yara. Na gwada wannan, ranar da na tsaya gaban sashenmu na ba da labarin kwalbar nan da sunana, kafin a tashi mutum huɗu sun faɗi nasu, ɗaya a ciki abin da ya faɗa ya sa aka gano wani bututun injin da ke yoyo tun ba a san yaushe ba.

Ku kuma Malam Edita, na san aikinku ne ku fallasa ɓarna kuma muna buƙatar hakan, akwai abubuwan da ba don jarida ba da an binne su. Amma in labari ya zo muku an rasa wani a tiyata, bayan tambayar wa ya yi, dan Allah wakilinku ya ƙara da wasu: irin wannan ya taɓa faruwa ko ya kusa faruwa a wurin? An rubuta? Wa ya karanta, kuma me aka canja? Ku tambayi asibiti rahoto nawa ma'aikatansa suka kawo a bara da abin da aka yi da su, wanda ya nuna muku tuli da jerin gyare gyare ku yaba masa a fili don sauran su gani.

Ɗalibar nan ta gama karatu tuni tana aiki a wani wuri. Bayan mun cike fom na neme ta na ba ta haƙuri a kan yadda na kau da kai a daren nan, na gaya mata ita ta ceci matar ba ni ba. Ta yi shiru sannan ta ce mini duk watannin nan huɗu ta ɗauka rashin kunya ta yi mini, har ta yi niyyar in ta sake ganin irin haka ba za ta ce komai ba.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin jinya a ɗakin tiyata